Faifai Ɗari Uku, Ɗaya a Baibai

Sannu-Sannu ake kiransa a tashar manyan motoci, kuma sunan ya biyo shi har gida bayan ya ajiye tuƙi. Ƙuruciyarsa da ƙarfinsa duk a doguwar hanya suka ƙare, yana jan bas daga wannan birni zuwa wancan, amma ko kaza bai taɓa takawa ba. Fasinjoji masu gaggawa sun sha yi masa tsiya. Wani ya taɓa tambayarsa ko gawa ya ɗauko da yake rarrafe haka, ya ce a'a, ƙoƙari yake ya sauke su kafin su zama ita. Direbobin da suka fi shi nauyin ƙafa suna yi masa dariya, shi kuwa ya raka da yawansu makwanci, ya dawo ya ci gaba da tafiyarsa ta hawainiya.

Abin da ya hana mutane gudun motarsa shi ne kiɗa. Duk garin da ya sauke fasinja, kafin ya nemi abin sawa a baki sai ya leƙa rumfar masu sayar da faifai. Ba ruwansa da yare. Ko bai ji kalma ɗaya ba, in dai muryar ta zauna, zai saya. Kunne gare shi, kuma ya san yana da shi, nan ne matsalar take. Mawaƙi zai buɗe baki, kafin ya kai ƙarshen baitin farko Sannu-Sannu ya gama yanke masa hukunci: wannan zai yi nisa, wancan gara ya koma ya kama sana'ar ubansa. Da wuya lokaci ya ƙaryata shi. Mutumin da bai saba kuskure ba yakan manta cewa akwai gaskiyar da ba a shiga da ita gida.

Da ya yi ritaya, faifan sidi sun cika kwalaye a ƙarƙashin gado da bayan ƙofa. Babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti can ƙetaren gari, ta gaji da tuntuɓe da su duk zuwanta, sai ta sayo masa wata na'ura. Baƙar akwati ce mai faɗi da zurfi, sai da aka ɓalle katakon bayan kabad ɗin falo kafin ta samu wurin zama. A cikinta akwai wani ƙaton zobe mai ramuka ɗari uku, kowane faifai a tsaye a raminsa, fuskarsa mai rubutu tana kallon dama. In ka danna lamba sai zoben ya juya, ƙurrr, ya tsaya, wani ɗan hannu ya zaro faifan ya kai shi inda za a karanta. Akwai kuma maɓalli ɗaya da in ka danna ka huta da zaɓi: na'urar ce ke ɗauko wanda ta ga dama, kan mai uwa da wabi, ta ƙare shi, ta mayar, ta lalubo wani. Sannu-Sannu ya zauna a ƙasa ya jera faifansa ɗaya bayan ɗaya, yana hura wa kowanne iska yana goge shi da gefen riga. Ramuka kaɗan suka rage babu kowa.

Matarsa tela ce, unguwa duk Inna Tela suke ce mata. Ita kiɗa bai dame ta ba. Takan ce ta auri direba sai ta tarar da gidan rediyo. Ɗansu namiji ɗaya ne, Auta, wanda ya zo bayan an fid da rai. A cikin faifan ubansa ya tashi, tun yana rarrafe yake gyaɗa kai in an saka kiɗa. Da ya girma sai ya watsar da makarantar koyon aikin lantarki a tsakiya, ya shiga cikin wasu samari masu jita da ganga da ke bin wuraren taro. Wata rana da la'asar ya tsaya a tsakiyar falon nan, hannu a baya kamar ɗan makaranta, ya roƙi Baba ya saurare shi sau ɗaya kawai. Uwar tana tsaye a bakin ƙofar kicin da cokali a hannu. Yaron ya fara rerawa. Bai kai ƙarshen baitin farko ba uban ya ɗaga tafin hannu, irin ɗagawar da yake yi wa yaron mota in kaya sun isa.

"Ba ka da murya," ya ce. "Ba laifi ba ne, amma ba ka da ita."

Da ma tsawa ya yi, da yaron ya samu abin riƙewa ya ce fushi ne. A'a, cikin ruwan sanyi ya faɗa, kamar mai gaya wa fasinja sunan garin da aka iso. Auta bai yi musu ba. A makon ya haɗa jakarsa. Ya riƙa kiran uwarsa a waya, uban kuwa sai dai a ce masa ana gaishe shi. Ana nan, wata rana motar da samarin ke yawo da kayan kiɗansu ta ƙwace wa direbanta a wata kwana da Sannu-Sannu ya sani kamar tafin hannunsa, kwanar da ya sha ragewa tun daga nesa fasinja suna tsaki. Auta ne a kujerar gaba, kuma bai tsira ba.

Inna Tela ba ta taɓa ɗora wa mijinta laifi da baki ba. Da masu gaisuwa suka watse, sai ta ja kekenta na ɗinki zuwa ɗakin Auta da ke can baya, ta turo ƙofa. Sannu-Sannu yakan sami abincinsa a rufe a kan tebur. Rigunansa yakan same su a goge a kan gado. Muryarta ce kawai ba ya samu. A da in tana cikin raha Direba take ce masa, yanzu ko wannan ya ɓace, in magana ta zama dole sai ta faɗe ta a iska, mai kunne ya ɗauka. Gida ɗaya, amma sai ya yi kwanaki bai ga idonta sosai ba. Yana zaune a falo da mawaƙa ɗari biyu da wani abu, yana jin ƙarar kekenta ta bango.

Mai jitar ƙungiyar, wanda ya tsira da karaya, shi ya zo wata safiya yana dogara sanda. Ya gaishe su, ya yi ta murza hularsa, daga baya ya zaro wani farin faifai daga aljihu, irin wanda ake ɗauka a gida, da rubutun alƙalamin maka a kai. Ya ce waƙoƙin Auta ne, sun ɗauka a ɗakin wani abokinsu ana saura kaɗan abin ya faru, kuma shi kaɗai ne kwafin da ya rage. Ya ajiye a kan tebur ya fice kamar wanda ya sauke kayan da suka fi ƙarfinsa.

Faifan ya wuni a wurin. Inna Tela ta fito ta dube shi, ta koma, ta sake fitowa. Can da yamma ta yi magana, kuma shi ta duba da ta yi ta. Ta ce tana son ji, amma hannunta ba zai iya sakawa ba, don in ta saka da kanta kamar ta tono shi ne. Shi ma ya ce nasa hannun ba zai iya ba. Sai ya kawo shawara: a sa shi cikin sauran, a danna maɓallin nan da na'ura ke zaɓa da kanta. Ba wanda ya kira shi, ba wanda ya hana shi. Ranar da ya zo, ya zo. Ta ce to, amma kada a gaya mata lambar ramin, kada zuciya ta ja ta. Ta juya fuskarta ga bango. Ya buɗe 'yar ƙofar na'urar, ya juya zoben zuwa wani rami da babu kowa, ya zura faifan.

Fuskar rubutun faifan hagu ya juya ta, ba dama ba.

Ba kuskure ba ne. Hannun da ya jera duk sauran daidai ba zai ɓata a wannan ba, kuma ya san abin da na'urar ke yi da faifan da aka sa mata a baibai: za ta ɗauko shi, ta lalube shi, ta rasa abin karantawa, ta mayar da shi, ta wuce.

Washegari da safe ya ji ana jan wani abu mai nauyi a ƙasa. Inna Tela ce ta turo kekenta zuwa falo, ta kafa shi a jikin taga, taku biyu daga kujerarsa. Ita da kanta ta danna maɓallin. Daga ranar gidan ya samu tsari. Da ta gama aikin safe sai ta kunna, ba a kashewa sai rana ta faɗi. In za ta fita ko da sayen zare ne sai ta kashe, kada ya zo ba ta nan. Tana ɗinki kiɗa yana tafiya, amma da faifai ya ƙare zoben ya fara ƙurrr, sai ƙafarta ta tsaya cak a kan feda, yadin yana ƙarƙashin allura, kanta a sunkuye. In wata murya ta tashi wadda ba ita ba, sai ta saki numfashi, ƙafar ta ci gaba. Da yake zama wuri ɗaya ba ya barin baki a rufe, sannu a hankali magana ta dawo. Ta fara tambayarsa wannan mai kukan agwagwar a wane gari ya samo shi. Shi kuma ya ba ta labarin garin, da gadar da ake bi, da ranar da ruwa ya tare su. Wata rana har ta yi dariya ta ce masa Direba, sannan ta yi saurin kama bakinta.

Lokaci-lokaci kuma sai zoben ya juya ya tsaya, a ji ɗan hannun ya zaro faifai, sai shiru. Shiru mai tsawo, wanda har ƙarar agogon bango kan fito. Daga nan ƙas, a mayar, zoben ya sake juyawa, wani mawaƙi ya ɗauka. Inna Tela takan ce injin ne yake numfashi, shi ma ai ya gaji. Sannu-Sannu kuwa ba ya ko ɗaga ido ya dubi lambar da ke haske a gaban akwatin. Ya san ta kamar lambar tsohuwar motarsa. Yakan ji kamar an tsaya a bakin ƙofar falon, hannu a baya, ana jiran izini. A yi ta tsayuwa, a gaji, a juya. Duk zuwan shirun sai ya ji falon ya yi sanyi, ko da rana tana tsaka.

In ka tambaye shi dalili, da yake ba mai tambaya shi yake tambayar kansa, amsar da ke kusa ita ce tausayi. Matar nan da ƙyar ta miƙe, muryar za ta sake kayar da ita. Wannan amsar tana da kyau, yakan sa ta kamar rigar fita. Amma a ƙarƙashinta akwai tsoro, kuma ba tsoron zagi ba ne. Da Auta ya zage shi a waƙa da ya ji sauƙi. Kunnensa yake tsoro. In faifan ya tashi ya ji murya ta zauna, to ya kashe baiwa da tafin hannunsa, ya kori ɗansa a kan ƙarya. In kuwa ya ji abin da ya ji a la'asar ɗin nan, to gaskiyarsa ce, yaron ya mutu a hanyar abin da ba nasa ba, kuma shi zai zauna da gaskiyar tasa kamar mai riƙe da garwashi. Kunnen nan ba ya yi masa alfarma, ba zai iya hana shi yanke hukunci ba ko a kan gawa.

Can ƙasa kuma akwai wadda ba ya son dubawa ko kaɗan. Muddin Auta bai zo ba, Inna Tela tana falo. Jira ne ya fito da ita daga ɗakin baya, jira ne yake riƙe da ita taku biyu daga gare shi. Ranar da ta ji abin da take jira, me ya rage mata a wajen? Da muryar ɗansa yake sayen zaman matarsa, kullum, kuma ya san haka.

Babbar 'yar ce ta fara cewa abin nan da wuya. Shekaru suna tafiya, kowane mawaƙi a akwatin nan ya fito har an haddace shi, a ce faifai ɗaya bai taɓa faɗowa ba? Ta ce a bari ta buɗe ta nemo shi ta saka, kowa ya huta. Uwar ce ta hana. Ta ce wanda ya fita da ƙafarsa da ƙafarsa zai dawo, ba a jawo shi da ƙarfi. In bai zo ba, bai huce ba ne, kuma ita za ta jira har ya huce. Ta faɗi haka tana zura zare a allura, ba hawaye ba komai. Ashe duk shekarun nan abin da take ɗauka ke nan: ɗanta yana fushi da gidan, har da ita. Sannu-Sannu ya ji wannan da kunnensa, ya tashi ya shiga bayi ya daɗe, ya fito ya zauna a kujerarsa. Bai taɓa faifan ba.

Na'ura kuwa ba ta san alkawari ba, tsufa take yi abinta. Ta fara da jinkiri, zoben ya riƙa wuce rami yana dawowa. Wata safiya ya juya rabi ya tsaya, ta yi wani gurnani, fitilar gabanta ta riƙa ƙiftawa. Ƙofar ma ta ƙi buɗuwa. Da farko wani sauƙi ne ya sauko wa Sannu-Sannu, irin na wanda mai binsa bashi ya mutu. Ya ce ai irin waɗannan sun daɗe da fita yayi, kowa a waya yake jin waƙa yanzu, masu gyaransu ma sun ƙare. Inna Tela ba ta yi gardama ba. Ta ci gaba da ɗinki a falo cikin shiru, maganarta tana raguwa kamar ruwan randa. Da ya ga ta fara kwashe zarurrukanta da almakashi tana kaiwa ɗakin baya ɗaya-ɗaya, sai ya gane inda ya tsaya: in an bar akwatin a mace ya rasa ta, in an buɗe an gano shi. Ya gwada cusa wuƙa a ƙofar ranar da ta fita, ko ya samu ya zare faifan, amma raminsa can baya ya tsaya, inda hannu ba ya kai.

Ita ta samo mai gyaran, ta bakin wata da take yi wa ɗinki. Wani dattijo ne mai gyaran rediyo, da tabarau ɗaure da zare da jakar kayan aiki da ta fi shi shekaru, ga surutu kamar an kunna shi. Ya ga akwatin ya yi mata kirari, ya ce rabon da ya ga irinta tun haƙoransa suna cike. Ya sauke ta a tsakar falo, ya kwance kusoshi, ya ɗaga murfin. Ga su nan, zobe guda, faifai a jere kafaɗa da kafaɗa, duk sun fuskanci gefe ɗaya. Ya ce bel ne ya saki, giris kuma ya bushe ya zama ƙaro, ba wani ciwon mutuwa ba ne. Yana aiki yana tsokanar maigida, wai wanda ya tara mawaƙa ɗari uku a ɗaki ɗaya bai ji sun yi faɗa ba, ai shi ya kamata a ba riƙon gari. Sannu-Sannu yana tsaye a kansa, yana murmushin da bai wuce leɓe ba. Inna Tela tana kan kekenta, ta juyo tana kallo.

Da ya sa sabon bel sai ya riƙa juya zoben da yatsa a hankali, yana duba ramukan. Yatsan ya tsaya.

"Wannan kuma fushi yake da 'yan'uwansa?" in ji mai gyara. "Kowa ya kalli gabas, shi ya kalli yamma. Maigida, ai haka ko shekara ɗari zai yi ba zai ce muku komai ba."

Ya zaro shi, ya ɗaga shi a hasken taga. Fari ne, da rubutun maka, rubutun nan mai kwanciya da uwar ta sani tun yana aji ɗaya. Ya goge shi a gwiwar wandonsa, ya juya shi, ya mayar, ya ci gaba da labarin wani rediyo da ya taɓa tarar da ɓera ya haihu a ciki.

Inna Tela ta kawo wa mai gyaran ruwa. Ta yi masa godiya, ta raka shi har bakin ƙofa, ta ce ya gaida gida. Ta dawo ta danna maɓallin da ta saba dannawa, ta zauna a kekenta. Ba ta dubi mijinta ba, ba ta tambaye shi komai ba. Ya jira tambayar ranar, ya jira ta washegari. Ya shirya amsoshi: tsufa, rashin haske, rawar hannu. Ba ta ba shi inda zai ajiye su ba. Yanzu in zoben ya fara juyawa su biyu ne suke daskarewa, ita a kan feda, shi a kujera, hannunsa ya kama katakon kujerar kamar sitiyari a gangara.

Wata rana da hantsi ta naɗe kayan da ta gama, ta yafa mayafi, ta ce za ta kai wa masu su. Ta fita ta bar na'urar a kunne. Ba ta taɓa yin haka ba, kuma ba mantuwa ba ce, don sai da ta tsaya a gabanta ta dube ta kafin ta wuce. Ya zauna shi kaɗai da akwatin. Ƙofar tana buɗuwa yanzu, lambar tana kansa, aikin ƙiftawar ido ne. Ya tashi har ya durƙusa a gabanta. Abin da ya tsayar da hannunsa ba nagarta ba ce. Ya ga kamar da gangan ta bar masa ɗakin, ta ga iyakar inda zai kai, shi kuwa bai san wanne ne zai kore ta ba, juyawar ko barin.

Yana durƙushe a wurin faifan da ke ciki ya ƙare. Zoben ya juya, ya daɗe yana juyawa, ya tsaya. Lambar ta haska a daidai fuskarsa. Aka yi shirun nan da ya sani, amma wannan karon ba a mayar ba. Sai ƙarar jan kujera a kan siminti, wani yana gwada igiyar jita, wani yana dariya daga nesa. Sannan kusa, kusa ƙwarai, aka yi gyaran murya, irin nasa sak.

"An fara ɗauka?" in ji Auta.

Ya danna maɓallin dakatarwa da ƙarfin da sai da akwatin ta motsa. Ya zauna a ƙasa. Bai koma kujera ba, bai sha ruwa ba, yana kallon 'yar fitilar, yana roƙon kada wuta ta ɗauke. Rana ta bar taga ta koma bango. A cikin akwatin faifan yana ta juyawa a wuri ɗaya, ana jin ɗan sautinsa siriri, yaron yana tsaye da tambayarsa a baki.

Da ta dawo ta gan shi a ƙasa, ta dubi fitilar, ba ta buƙaci bayani ba. Ta ajiye jakarta. Ba ta zauna a keke ba, ta zauna a kujerarsa, ba ta ko cire mayafi ba. Ta ce ya saki faifan.

Ba a yanka faifan waƙa-waƙa ba, tashi ɗaya aka ɗauke shi da duk abin da ke ɗakin. Auta ya rera, ya tsaya, ya ce a sake. Ya yi wa mai ganga tsiya cewa yana gudu kamar an biyo shi. Ya nemi ruwa, aka ji yana haɗiya. Ya yi atishawa, suka yi masa dariya, ya rama. Bai ambaci ubansa ba, ko da zagi. Kunnen Sannu-Sannu kuwa, kamar karen da ba ya jin kira, ya tafi aikinsa tun a baitin farko: numfashin gajere ne, in ya hau sama yakan zame kaɗan, ya kamo, ya sake zamewa. Ya ƙaru a kan da, ya yi aiki, ana jin gumin aikin. Amma abin da ba a ba shi ba, ba a ba shi ba.

Da faifan ya ƙare, zoben ya fara juyawa zai ɗauko wani, ta miƙa hannu ta kashe. Suka zauna.

"Kai da ka san mawaƙa," ta ce, "ya iya?"

"Ya iya," ya ce.

Ta dube shi, dubawa ta sosai, wadda ya daɗe yana nema.

"Bai iya ba. Tun yana yi mini a kicin na san bai iya ba. Wa ya ce maka waƙa nake jira?"

Ta tashi ta buɗe ƙofar akwatin. Ba ta tambaye shi lamba ba, ta juya zoben da kanta har farin faifan ya zo gaba, ta zare shi, ta naɗe shi a gefen mayafinta. A bakin ƙofar falo ta tsaya, ba ta juyo ba, ta ce gobe ya kira babbar 'yar, ta zo mata da ƙaramin rediyo mai cin faifai ɗaya, wanda za ta iya sakawa da hannunta. Ya ce to. Ta ce kuma ya nemo wanda zai taya ta ɗaga keken zuwa ɗakin baya, bayanta ba ya son ja yanzu. Ya ce shi zai ɗaga. Ta ce a'a, ya nemo wani.